Daga Jinjiri zuwa Daren Sha Huɗu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gumel ya san farin wata tun kafin ya san kalanda. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, babu dutse babu tsauni, sai jigayin yashi da gawo da kuka jefi-jefi. Idan wata ya kai daren goma sha huɗu, tun daga Gagarawa har Maigatari babu abin da ke tare masa hanya. Yashi ya ɗauki haske ya mayar, 'yan mata su fita dandali, masu kora dabbobi zuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis su yi tafiyar dare ba fitila. Kowa kallonsa yake, shi ya sa ake masa kirari da sha-kallo. Amma ka tsayar da mutum goma cikin masu kallon ka ce yau nawa ga wata, tara za su laluba aljihu su zaro waya.

Na goman shi ne irin dattijon da na bi na wata guda ina koyon duban wata a wurinsa. Ladan ne a wani ƙauye tsakanin Gumel da Sule Tankarkar, manomin gero da wake, bai taɓa ɗora ido a madubin hangen nesa ba. Kayan aikinsa ba su da yawa: idonsa, hannunsa na dama, da wata tsohuwar kuka da ke yamma da gari. Sauran duk a ka suke.

Na ɗauka ranar 29 ga wata zai kai ni bayan gari mu tsaya mu zuba wa yamma ido. Sai ya ce in same shi masallaci da asubar ranar 26.

"Allah gafarta Malam, ai da magariba ake ganin wata."

"Haka ne, ɗana. Amma wanda bai raka tsoho ba, ina zai san ranar da jinjiri zai iso?"

Da aka sallame sallar asuba muka fito muka fuskanci gabas. Ga tsohon wata can, ya rame kamar lauje, yana gaban rana. Ladan ya miƙa hannu har gwiwar hannun ta miƙe sarai, ya dunƙule shi, ya rufe ido ɗaya. Ya aza gindin dunƙulen a inda sama ta haɗu da ƙasa, daidai wurin da rana za ta ɓullo, sannan ya ɗaga shi ya aza a kan na farko, kamar mai jera tubali. Dunƙule uku ya kai ga wata. Washegari biyu suka rage, ba su ma cika ba. Ranar 28 muka duba har gari ya yi haske, babu shi.

Wannan awon ba kame-kame ba ne. Masu ilimin taurari sun raba sama daga gabas zuwa yamma gida 180, kowane gida malaman hisabi na ce masa daraja, 'yan boko na cewa digiri. Dunƙulen hannu a miƙe yana rufe daraja 10 ko kusa da haka, ko hannun babba ne ko na yaro, domin mai babban hannu damtsensa ma ya fi tsawo. Shi kuwa wata, kullum yana matsawa gabas da kimanin daraja 12 idan aka gwada shi da rana, wato dunƙule ɗaya da ɗan ɗoriya. Ladan bai san adadin da lamba ba, amma ya san hukuncin da ke fita daga ciki. Idan tsohon wata ya ɓace tun asubar 28, akwai kyakkyawan zato a magaribar 29, wata zai yi nuƙusani ke nan. Idan an hango shi da ƙyar a asubar 28, abin da kamar wuya. Idan kuwa har asubar 29 yana nan a gabas, ya ce kada ma in wahalar da wuyana da yamma, a cika 30 kawai, domin wata ba ya barin gaban rana da safe ya zagayo bayanta ya bayyana a yinin.

Ranar 29 tun goshin magariba muka hau jigawar da ke bayan gari. Yana da wurin tsayawa guda, ba ya sauya shi, saboda daga nan ne ya san kukar nan da abin da ke dama da hagunta. Rana ba a wuri ɗaya take faɗuwa ba duk shekara. Wajen watan Yuni takan faɗi can dama da kukar, ta arewa. Wajen Disamba ta koma can hagu, ta kudu, kuma tsakanin iyakokin biyu ya kusa dunƙule biyar a wannan yankin. Mai duba da farko sai ya kama inda ta faɗi yau, ya riƙe shi da wata alama, reshe ko rumbu ko kan tudu. Ba ya ƙura wa rana ido, don wanda ya yi haka zai yi ta ganin ɗigo-ɗigo har lokacin da ake buƙatar idon ya wuce. Ta gefen ido yake binta.

Daga nan sai lissafin lokaci, kuma nan ne gwanin ke bambanta da mai sa'a. Sama tana juyawa daraja ɗaya cikin minti 4. Jinjirin da ke dunƙule ɗaya a saman rana ke nan yana da kamar minti 40 kafin shi ma ya nitse. Cikin minti 40 ɗin, na farkon haske ya yi yawa, wata ya narke a cikinsa. Na ƙarshen kuma ya sauko cikin ƙura da jan shafaƙi, wato jan nan da ke saura bayan faɗuwar rana. Abin da ya rage 'yan mintoci ne a tsakiya, kuma sun faɗo daidai lokacin sallar magariba. Ladan ya yi kiran salla, aka yi salla ba ja, ana sallamewa ya miƙe. Waɗanda suka tsaya gaisawa a ƙofar masallaci suna tambayar gajiya da iyali, kafin su iso jigawa an gama.

Yadda yake neman ma abin kallo ne. Ya kafa tafin hagu a ƙarƙashin ido ya tare jan da ke ƙasa. Ya fara daga alamar rana, ya hau dunƙule ɗaya, ya bi a hankali dama da hagu, ya ƙara yatsu biyu ya sake bi. Ya san ɓangaren da zai fi ba ƙarfi. Da bazara, wajen Maris, galibi jinjiri kan zo a saman rana sak, a kwance kamar ƙwaryar da aka ajiye, bakinsa biyu na kallon sama. Wajen ƙarshen damina yakan karkata hagu, ya yi ƙasa-ƙasa, ya jingina. Kowane lokaci kuma da abokin gabarsa: damina gajimare, hunturu hazo, wanda kan haɗiye rana tun tana da sauran tafiya.

Sai kuma masu yaudara. Akwai Zara matar wata, tauraruwar nan mai haske da kan tsaya a yamma, wadda ido mai ɗoki kan ja ta ta zama lauje. Akwai farin layin da jirgin sama kan bari, da ɓallin gajimare da rana ta haska daga ƙasa. Ladan ya ƙara da wanda ban taɓa tunani ba: furfurar gira, gashi ɗaya da ya lanƙwaso gaban idon tsoho. Maganinsu duka ɗaya ne, haƙuri. Ka ɗauke kai, ka shafa fuska, ka sake nema. Wata na gaskiya yana nan inda ka bar shi, ya ɗan sauka kaɗan ta hanyar da rana ta bi, doronsa na fuskantar inda ta faɗi. Gajimare yakan sauya kama, layin jirgi ya baje. Idan ya tabbata, sai ya kama kafaɗar na kusa da shi, ya sa shi ya bi tsinin yatsarsa: daga reshen kuka na hagu, hau dunƙule ɗaya da yatsa biyu. Ni sai da ya nuna mini sau uku. Da na gan shi kuwa, siriri kamar zaren da aka tsinke, na rasa yadda aka yi ban gan shi ba tun farko.

Neman mutum na biyu da zai gani ba son taro ba ne. A mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan, tsayuwar wata na tabbata da shaidar adilai biyu, ko jama'a mai yawa da ba za a ce sun haɗa baki ba, kuma idan sama ta rufe a cika 30. Labari kan tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa fadar Sarkin Gumel, wadda ƙananan hukumomin Gumel, Gagarawa, Maigatari da Sule Tankarkar ke ƙarƙashinta, daga can a miƙa Sakkwato, inda Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ke sanarwa bayan kwamitin duban wata ya tantance. Tambayoyin da ake yi wa shaida su ne dai waɗanda ladan ya riga ya amsa wa kansa: ƙarfe nawa, ta wane ɓangaren rana, tsayinsa nawa, ina bakinsa ya kalla, ya jima ko bai jima ba. Mutanen Maigatari suna da nasu ƙarin, da yake Nijar na nan a bakin ƙofa: an sha samun shekarar da 'yan'uwa na tsallaken iyaka suka riga ɗaukar azumi ko ajiye shi da kwana guda, alhali sama ɗaya ce a kansu.

Jama'a suna tuna mai duban wata ne sau biyu ko uku a shekara, a bakin azumi da salloli. Ranar nan majalisar mai shayi kan cika da masu jiran sanarwa, kowa kansa a sunkuye kan waya yana tambayar ko an gani, ga yamma a buɗe a bayansu. Ladan kuwa wata 12 yake dubawa, har da Safar da Jimada da babu mai tambaya. Dalilinsa shi ne idan farkon Sha'aban ya kuɓuce maka, ba ka san ranar da za ka nemi Ramadan ba. Akwai kuma tsofaffin mata da ke aiko jikoki su tambaye shi yaushe fararen kwanaki za su shiga.

Daga tsayuwa zuwa cika, aikin ya koma ƙirga, kuma wata da kansa yake riƙe da lissafin. Kowace magariba za ka same shi ya matsa gabas da dunƙule ɗaya da ɗoriya, ya ƙara ƙiba, ya ƙara jinkirin faɗuwa da kimanin minti 50. Daren bakwai ya zama rabi, yana tsakar ka lokacin kiran salla, ya faɗi wajen tsakar dare. Daren goma ya yi doro, haskensa ya kai a yi yawo, kuma ba banza ba ne yara ke fara tashe a goma ga azumi. Idan an yi kwanaki ana hadari lissafi ya rikice, ladan ba ya tambayar kowa. Ya tsaya da magariba ya jera dunƙule daga mafaɗar rana har zuwa wata, ya rage kaɗan saboda ɗoriyar nan, ya faɗi kwanan wata, da wuya ya kauce da fiye da kwana ɗaya.

Cikar kanta tana da gwaji, domin ido ba ya iya raba daren 13 da na 14 da na 15, duk a zagaye suke. Da magariba ka juya wa rana baya. Idan wata ya riga ya hau sama kafin ta faɗi, da saura. Idan tana nitsewa yana ɓullowa, kamar guga biyu a igiya ɗaya, ya cika. Idan an yi salla an fito ana jiransa, ya wuce, ya fara makara. Da asuba ma haka: wanda ya faɗi kafin fitowar rana bai cika ba, wanda rana ta fito ta tarar a yamma ya gama cika. Ranakun 13, 14 da 15 su ne fararen kwanakin da hadisi ya kwaɗaitar da azumtarsu. Ladan, da yake ya yi karatun fiƙihu a zaure, ya san cewa littattafan Malikiyya sun karhanta a keɓe su da gangan, sun fi son kwana uku ko waɗanne ne a wata. Ba ya jayayya da kowa a kai. Wadda ta aiko tambaya, yakan gaya mata ranar.

Akwai wata al'umma da ta ɗora wa wannan dare nauyin da ya fi namu nesa ba kusa ba, kuma mun san su ta finafinai fiye da ta littafi. Mabiya addinin Hindu a Indiya suna kiran ranar cikar wata Purnima, kuma kusan kowace Purnima a shekara da ibadarta: azumi, wanka a kogi, sadaka, da addu'o'in gida ga Bishnu, ɗaya daga cikin manyan ababen bautarsu. Bikin nan na watsa kala da muke gani a fim, Holi, yana zuwa ne a cikar watan Falguna, wajen Maris. Ranar da 'yar'uwa ke ɗaura wa ɗan'uwanta zare a hannu, Raksha Bandhan, cikar watan Sharabana ce, wajen Agusta. Cikar Ashadha, tsakanin Yuni da Yuli, ita ce Guru Purnima, ranar da almajiri ke girmama malaminsa. A cikar Ashbin kuma sukan dafa shinkafa da madara su ajiye a farin wata ta kwana, su ci da safe.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda masu lissafinsu ke gano ranar. Su ba sa jiran ganin jinjiri. Suna farawa daga lokacin da wata ya haɗu da rana, yana ɓoye, abin da masana ke kira haihuwar wata. Duk daraja 12 da ya ƙara nisa da rana, sun ƙirga kwana ɗaya na wata, suna ce masa tithi. Dunƙulen ladan da ɗoriyarsa ke nan, an ba shi suna an rubuta. Tithi 30 ne a wata, 15 na haske 15 na duhu, kuma Purnima ita ce ta 15, daga daraja 168 zuwa 180. Da yake wata wani lokaci yana sauri wani lokaci yana nawa, tithi kan gajarta ta kasa awa 20, ko ta miƙe ta haura 26, tana iya farawa da hantsi ko da tsakar dare. Shi ya sa gidajensu ba sa rabuwa da littafin kalanda mai suna Panchang, wanda ke faɗin minti da kowace tithi za ta shiga. Nan kuma aka warware mini wani abu: me ya sa su ke cewa 15 mu muna cewa sha huɗu? Saboda sun riga mu fara ƙirga da kwana ɗaya ko biyu, kwanakin da jinjiri ke ɓoye bai kai a gan shi ba. Wata ɗaya ne, mafarin ƙirga ne ya bambanta.

Sunayen watanninsu ma daga cikar suka samo asali. Hanyar wata a sama sun raba ta masauki 27, malamanmu na hisabi suna da manzili 28, irin su Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da manoma ke jin sunansu a lissafin damina. Galibi masaukin da wata ya cika a kusa da shi, shi ke ba watan suna. Watan Kartika ya ci sunan Krittika, taurarin da Larabawa ke kira Surayya, mu kuma Kaza da 'Ya'yanta. Da na gaya wa ladan haka sai ya yi murmushi, ya ce ai ya san daren: farkon sanyi ne, an gama girbi, Kaza na fitowa da magariba, wata ya cika a gefenta har hasken ya ɓoye 'ya'yan. A wannan daren na wajen Nuwamba dubban mutane ke wanka a kogin Ganga a Baranasi suna jera fitilu a bakin ruwa, kuma a garin Pushkar na jihar Rajastan ake rufe babbar kasuwar raƙuma ta shekara. Dillalin raƙuma na Maigatari da za a sauke shi can, ba zai rasa abin yi ba.

Yadda aka yi Kartika ke dawowa kullum a farkon sanyi, alhali azuminmu na zagaya damina da rani, shi ma lissafi ne. Wata ɗaya kwana 29 ne da awa 12 da minti 44, shekarar wata kwana 354, ta gaza ta rana da kusan kwana 11. Su sukan cike giɓin da ƙarin wata guda duk bayan kimanin wata 32 da rabi. Musulunci ya hana wannan ƙarin, ya bar watanni 12 suna yawo, shi ya sa mutum ɗaya kan yi azumi a zafin bazara da kuma sanyin hunturu cikin shekara 33.

Abu ɗaya da ɓangarorin biyu ke tsayawa cak a kansa shi ne husufi, wanda ba ya kama wata sai a daren cikarsa, lokacin da duniya ta shiga tsakaninsa da rana. Na ranar 27 ga Yuli 2018, wanda wata ya yi awa ɗaya da minti 43 a rufe, mafi tsawo a wannan ƙarni, ya faɗo daidai Guru Purnima. A can sukan rufe ɗakunan bauta su daina ci har ya saki. A nan malamai su yi nafila, yara su bi gari suna kaɗa gwangwani suna roƙon rana ta saki wata. Ladan ya ce shi abin da yake ɗauka daga husufi gyaran lissafi ne: idan ya zo a daren da ƙirgarsa ta ce 14 ko 15, to farkon watan ya kamu daidai.

Idonsa ya fara raguwa yanzu, shi ma ya faɗa. Wani lokaci jinjirin kwana ɗaya yakan gagare shi, sai dai ya tsayar da jikansa a wurin tsayawar nan, ya miƙa masa hannu ya dunƙule, ya ce hau daga reshen hagu, a'a, ka yi sauri, dawo ƙasa da yatsa ɗaya. Cikakken wata kuwa har yanzu nasa ne. Safiyar da zan tafi, mun fito daga asuba muka zauna a kan tabarma har rana ta ɓullo ta bayan rumbuna. Ya juya yamma. Ga wata can saman kuka, fari fat kamar faifai, bai faɗi ba tukuna. Wata yarinya ta iso da ɗan mayafinta ta durƙusa.

"Baba, Inna ta ce a tambaye ka, gobe ma akwai azumi?"

Ya ɗaga hannu ya auna tsakanin wata da kan jigawa, yatsu huɗu.

"Je ki ce mata yau ne na ƙarshe."